Karen Baba da 'Yar Farina

Cikina yana wata takwas aka kai ni gida goyon ciki. Mun taso daga Kano da hantsi, muka bi ta Kabuga, muka wuce Janguza da Rimin Gado, muka isa Gwarzo, daga nan muka ɗauki hanyar garinmu, Kara. Kaka ce, an gama da gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi. Kafin Inna ta fito, kafin yara su rugo su karɓi kaya, karen Baba ne ya tare mu a bakin zaure. Bai yi haushi ba. Tsayawa ya yi ƙiƙam yana kallon maigidana, har sai da Baba ya daka masa tsawa daga ciki sannan ya kauce. Maigidana ya dube ni, na sunkuyar da kai kamar ban gani ba.

Sunan karen Ƙyale-su. Bahaushe ba ya raɗa wa kare suna a banza, kuma kowa a unguwarmu ya san Baba ya samo kwikwiyon ne a shekarar da ya yi rigimar iyakar gona da wasu danginsa. Duk sanda ya ƙwala masa kira, ya aika da saƙo ke nan ba tare da ya zagi kowa ba. Ja ne siriri, mai dogayen ƙafafu da farin tabo a ƙirji. Da rani Baba yana fita farauta da shi, su dawo da zomo ko gafiya, wani lokaci burgu. Da damina ya raka shi gona. Da dare kuma shi ne mai gadin shanun huɗa guda biyu da ke ɗaure a bayan gida.

Shanun nan su ne dukiyar Baba, kuma Ƙyale-su ya taɓa cetonsu. Wani dare ɓarayi suka hauro ta katangar baya, har sun kwance sa ɗaya, karen ya dira a kansu. Da gari ya waye aka ga jini a kan katanga da warin takalmi a ƙasa. Duk wanda ya san yankinmu, inda ƙasar Kano ta haɗa iyaka da ta Katsina, ya san satar shanu ba tatsuniya ba ce. Tun daga wannan dare ba wanda ya isa ya kawo ƙarar karen wurin Baba. In aka yi masa maganar addini ma yana da amsa, don ya karanta Risala a zaure. Zai ce maka Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan mai littafin, ya kawo cewa ana ajiye kare don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abinci, shi kuwa duka ukun yana da su.

Sai dai Ƙyale-su yana cizo. Kafin zuwana ya ciji mutum uku da na sani. Na farko almajiri ne da ya shigo bara ya gifta kusa da kaskon abincinsa. Aka ce laifin almajirin ne, me ya kai shi wajen kasko? Ta biyu yarinya ce mai tallan fura da ta tsorata ta zuba da gudu, ya bi ta ya kama ta a sha-raɓa. Aka ce ai ba a gudu a gaban kare, Baba ya biya kuɗin fura da na magani. Na uku ɗan Yayana ne mai shekara huɗu, wanda ya kai hannu zai ɗauki ƙashi a gabansa. Aka ce wannan ba cizo ba ne, gargaɗi ne, da ya yi niyya da ba a ga hannun ba. Har yau tabon fiƙa biyu yana bayan hannun yaron. Duk da haka maganar da ake yi a gidanmu ita ce: Ƙyale-su ba ya cizon ɗan gida.

Na san duk wannan, ban ce komai ba. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai yi mamaki, don haka bari in yi bayani. Haihuwar fari a wurinmu tana zuwa da kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban manya. In yana kuka a gaban mutane ba ta zabura, sai an ce mata, “Ke, ɗauki yaron nan mana,” sannan ta ɗauka kamar an tilasta mata. Na ga yayyena sun yi, na ga an yaba musu, ni ma haka na ƙudura zan yi. To, wadda ba ta isa ta nuna ta damu da kukan ɗanta ba, da wane baki za ta je gaban mahaifinta ta ce ya kawar da karensa saboda ɗan da ba a ma haifa ba? Ga kuma kara. Mutum ya karɓe ki, ya sayi itacen wanka, ya tanadi kanwa da gero, sai ki saka masa da cewa gidansa bai yi miki ba?

Na haihu lafiya da shigowar sanyi, na sami mace. Abu na farko da ya tsaya mini a rai shi ne binne mabiyiya. Ina kwance na ji Gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo yi mini wanka, tana cewa a zurfafa ramin a kuma ɗora dutse a kai saboda kare. Washegari aka tarar an tone gefen dutsen. Gwaggo ta sa aka ƙara wani, maganar ta wuce. Ranar suna aka yanka rago, gida ya cika da mata da yara da ƙamshin suya, Baba ya ɗaure karen a bayan gida saboda baƙi. Na yi ajiyar zuciya ina fatan ɗaurin ya ɗore. Baƙi na watsewa aka kwance shi.

Ranar da muka kwana goma sha ɗaya abin ya faru. In ma za a kira shi abu, don ba jini, ba kuka, kuma Inna har yau cewa take ba abin da ya faru.

Mai jego tana wanka sau biyu a rana, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganye, kuma wankan yana ɗaukar lokaci. A wannan lokacin mai wanka tana tare da ke a makewayi, jariri kuma yana ɗaki. Da safen nan Gwaggo ta shiga da ni. Inna ta ce za ta kula da yarinyar, sai kunun kanwa ya taso zai zube, ta fita wajen murhu. Ɗakin yana da ƙyaure, amma da rana ba a rufe shi, asabari kawai ake saki. Na fito jikina yana tururi, na ɗaga asabarin, na ga Ƙyale-su a tsaye a bakin gado.

Gadon ba shi da tsayi. Yarinyar ta farka tana ɗan kukan nan siriri na jarirai, tana wutsil-wutsil da hannu cikin zane. Hancinsa bai fi taƙi ɗaya daga kanta ba. Abin da ya kashe mini jiki shi ne tsayuwarsa. Kunnuwa a miƙe gaba, bindi a sandare, baki a rufe, ƙafar gaba ɗaya a ɗan ɗage, ko ƙiftawa ba ya yi. Na san wannan tsayuwar. Ina yarinya na sha ganin karnukan Baba suna yin ta a bakin ramin gafiya, suna jiran abin da ke ciki ya motsa.

Ban yi ihu ba, ba don jarumta ba, murya ce ta ƙi fita. Gwaggo da ke bayana ta ce a hankali, “Ƙyale-su, fita.” Bai juyo ba. Ta sake faɗa, ta buga bokitin da ke hannunta a bakin ƙofa, sannan ya girgiza jiki kamar wanda aka tasa daga barci, ya raɓa ta gefenmu ya fice. Inna ta shigo da kwanon kunu tana dariya, ta ce, “Gadinta yake yi. Ai ya san jinin gidan ce.” Na ɗauki yarinyar a gabansu, abin da ban taɓa yi ba sai an miƙo mini, na zauna a bakin gado ƙafafuna suna rawa.

Da dare na gaya wa maigidana a waya. Ya ce gobe zai zo ya ɗauke mu. Na roƙe shi ya dakata. Ɗauke mai jego daga gidan iyayenta kafin arba'in, a kan kare, magana ce da za ta daɗe tana yawo tsakanin gidajen biyu, wataƙila har yarinyar ta girma ta tarar da ita. Ya ce ya ba ni kwana uku. Tun daga daren na daina barci sosai. In zan shiga wanka sai na ja ƙyauren na tokare shi da turmi, Inna tana kallona tana taɓe baki.

Kwana biyu bayan haka muka je asibiti a Gwarzo a duba cibiyar yarinyar a kuma yi mata awo. Da na ga Gwaggo ta fita sayen ruwa, na yi ƙasa da murya na gaya wa ma'aikaciyar jinya abin da na gani. Dattijuwa ce, ta ajiye biro ta dube ni. Ba ta tambaye ni ko karen yana da kirki ba. Cewa ta yi, “Ya taɓa cizo?” Na ce sau uku. Ta ce, “To 'yata, me kike jira, na huɗu?”

Abin da ta gaya mini a ranar, da abin da na bi na karanta daga baya, ya kasu biyu, kuma mutanenmu suna yawan cakuɗa su.

Na farko shi ne cizon kansa. Kare lafiyayye ma yana cizo. Yana cizo don kare abincinsa, yana cizo don tsoro, yana cizo in yana ciwo, yana kuma kama ƙaramin abu mai motsi da siririn kuka, musamman karen da aka koya wa farauta. Kare bai san jariri mutum ne kamar yadda ya san Baba mutum ne ba. Warinsa daban, kukansa daban, motsinsa daban. Babba in kare ya cije shi, galibi a ƙafa ne ko hannu. Ƙaramin yaro kuwa a fuska ne da kai da wuya, don nan ne daidai bakin karen, ga kan jariri da taushi, maɗiga ba ta rufe ba. Kamu ɗaya ya isa, kuma yana faruwa ne kafin wanda ke tsaye a wurin ya miƙa hannu. Shi ya sa “ai ina kusa” ba kariya ba ce. Wani abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, yawancin yaran da kare ke cizo, karen da suka sani ne, na gida ko na maƙwabta.

Na biyu shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga ta rauni, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa cizon kai da fuska ya fi haɗari, tafiyar ba nisa. Galibi sai bayan wata biyu ko uku alamun suke bayyana, lokacin rauni ya warke an manta, kuma da zarar sun bayyana, wato tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin takaicin shi ne akwai rigakafi tun tuni. A 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro mai shekara tara da mahaukacin kare ya ciza allura, yaron ya rayu. A nan gida ma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar tana yankewa. Ƙyale-su yana fita daji, yana faɗa da karnukan wasu garuruwa, bai taɓa ganin allura ba. Mutum ukun da ya ciza, gashinsa aka tsiga aka ƙona aka shafa musu a raunin. Allah ne kawai Ya tsare.

A hanyar komawa na gaya wa Gwaggo komai. Ita ce ƙanwarsa, tana da bakin da ba ni da shi. Da yamma ta same shi a zaure, ina jiyo su ta taga. Ta bi ta hanyar wasa, ta ce, “Yaya, amaryar taka fa tana da kishiya mai haƙora.” Baba ya yi dariya, don tun ranar haihuwa yake kiran yarinyar amaryarsa, irin wasan kaka da jika. Da ya gane da gaske take sai ya canja murya. Ya ce karen nan ya fi wasu mutane amana. Ya ce jikoki nawa aka haifa a gidan nan, wa ya cinye? Ya ce in mutanen birni ne suka aiko ta, ta gaya musu shi ba a koya masa zama da kare. Gwaggo ta dawo ta ce mini, “Na yi iyakar yina.”

Saura kwana ɗaya a wa'adin maigidana. Bayan sallar isha'i na sa hijabi, na ɗauki yarinyar, na nufi turakar Baba. Inna ta bi ni da ido. Na yi sallama, na durƙusa a bakin tabarma. Tunda na yi wayo ban taɓa zuwa masa da magana a kan wani abu nasa ba. Ni sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana.

Ya ce, “Uwata, lafiya da daren nan?”

Duk abin da na shirya, da maganar asibiti da lissafin mutanen da ke mutuwa, ya gudu daga kaina. Na ce, “Baba, tsoro nake ji. 'Yata ce.”

Wannan ne karo na farko da kalmar ta fita daga bakina a gaban wani babba. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma tunda na fara sai na ƙarasa. Na ce ban ce a kashe shi ba, ban ce a sayar ba, na san abin da ya yi wa gidan nan. Roƙona a yi masa wurinsa a wajen shanu, a sa ƙofa tsakaninsa da tsakar gida, a kuma yi masa allura. Na gaya masa yadda na gan shi a bakin gado. Na kwatanta tsayuwar, har da ƙafar da ya ɗage.

A nan ne Baba ya ɗago kai. Ya ce, “Ƙafa ya ɗaga?” Na ce e. Ya ce, “Bakinsa a rufe?” Na ce a rufe. Ya yi shiru mai tsawo yana jan carbi. Can ya ce, “Tashi ki je, sanyi zai kama ta.”

Na kwana ban san matsayina ba. Da asuba, bayan an sauko daga masallaci, na ji sara a bayan gida. Baba ne da ƙanena suna kafa itatuwa. Kafin azahar sun kewaye wani fili kusa da turken shanu, sun yi masa rumfa, sun rufe ƙasan da tsohon langa-langa don kada ya tona. Lungun da ya haɗa bayan gida da tsakar gida, wanda tun tasowata a buɗe yake, aka kafa masa ƙyaure da sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Bai ce mini komai ba. Daga baya Gwaggo ta gaya mini abin da ya faɗa wa Inna da ta yi ƙorafi: shi da ya yi kiwon karen, in ya kama zomo ba ya sa hannu ya karɓa, sai da sanda. Ashe Baba ya fi kowa sanin halin abinsa. Sabo ne ya sa ya daina gani, sabo kuwa turken wawa ne, har ga masu hankali.

Ga yadda muka zauna har na yi arba'in, ko zai amfani wata.

Kullum akwai ƙofa biyu tsakanin kare da yarinya, ta lungu da ta ɗaki, don in an manta da ɗaya, ɗayar tana nan. An kuwa manta, ba sau ɗaya ba, gidan yara ne. Lokacin wanka sai an ambaci sunan wanda zai zauna da ita, ba “ai muna nan” ba, kuma wanda aka ambata ba ya tashi ko kunu zai ƙone. Ba a shimfiɗe ta a tabarma a tsakar gida a tafi ɗebo ruwa. Abincin karen a wurinsa ake kai masa, babba ne yake kaiwa, an hana yara zuwa kusa da kasko. Tsummokaranta da suka ɓaci ba a yar da su inda zai samu, ana wankewa nan take ko a ƙone. Da dare, bayan kowa ya shiga ɗaki an sa sakata, ana sakinsa a ɓangaren shanu ya yi gadinsa.

Na so a sa masa sarƙa dare da rana, Baba ya ƙi, kuma shi ne da gaskiya. Ya ce karen da ya daɗe a sarƙa mugunta yake ƙarawa, don ba shi da wurin gudu in an matsa masa, kuma ranar da ya tsinke ba mai tare shi. Maimakon haka kullum sai ya fita da shi gona ya gaji. Malamin dabbobi da maigidana ya kawo ya yi masa allura ya ba mu kati, ya ce a riƙa maimaitawa duk shekara. Ya kuma ja mana kunne cewa allurar ba ta hana cizo, ciwo kawai take hanawa. Shi ne ya ce kada a doki kare don ya yi gurnani. Gurnani sanarwa ce, in ka hana shi sanarwa, wata rana zai ciji ba sallama. In ya yi, a janye yaro, a duba me ya jawo. Ya nuna wa yaran gidan alamun karen da ya takura: sandarewa, kau da kai yana kallo ta gefen ido, lasar leɓe, hamma ba barci. Ya ce kaɗa bindi ma ba kullum murna ba ce.

Ya bar mana abin yi in tsautsayi ya auku, na rubuta a takarda na manna a bangon ɗakin Inna. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara, har minti 15, ko cizo ne ko yaƙushi. Kada a sa gashi, ko toka, ko barkono, kada a ɗaure tamau. A tafi asibiti a ranar, a nemi allurar haukan kare, a kuma cika adadin da aka rubuta, don ba guda ɗaya ba ce. In raunin mai zurfi ne ko a kai yake, akwai wata allurar daban da ake yi a cikin raunin. Ƙanƙantar jariri ba ta hana a yi masa. Karen kuma, in na gida ne, a tsare shi kwana 10 ana duba lafiyarsa, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allura.

Ba zan ce abin ya zo kyauta ba. Ƙyale-su ya yi kwana huɗu yana kuka da rana, kukan da ke shiga rai, kuma duk sanda ya fara sai Inna ta dube ni. Baba ya yi kusan mako yana amsa gaisuwata a taƙaice. Labari ya fita, kamar yadda yake fita. Matan da suka zo duba ni suka riƙa tsokana, wai ga mai 'ya, ga wadda ta je gaban ubanta ta ce “'yata”. Wata tsohuwa ta ce zaman birni ya cinye mini kunya. Na yi murmushi, amma da dare na yi kuka, don ni ma ina son a ce ina da kunya, da ita aka rene ni.

Na daɗe ina juya maganar. Kunyar ɗan fari ba abin banza ba ce. Tana koya wa yarinyar da ta zama uwa cewa ɗa na dangi ne, tana sa kakanni da gwaggwanni su rungume shi. Amma an gina ta ne a kan amana: ke ki kau da kai, mu za mu duba. Ranar da masu dubawa suka saba da haɗari har suka daina ganinsa, wadda aka ce ta kau da kai ita ce kaɗai ta rage. Mai yiwuwa Inna ce da gaskiya, mai yiwuwa gadi yake yi. Ba zan taɓa tabbatarwa ba, don hanyar tabbatarwa ɗaya ce, a bar shi a gani. Hausawa kuwa sun riga sun ce in ka ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi.

Ranar da na yi arba'in, muna shirin tafiya, Baba ya karɓi yarinyar ya daɗe yana kallonta. Ya ce wa maigidana, “Ga amaryata nan, ka riƙe mini amana.” Sannan ya dube ni ya ce, “Uwa in ta yi magana, ai sai a bi.” Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kan maganar ke nan.

Mun koma Kara da yarinyar tana wata takwas, ta fara rarrafe, komai ta gani sai ta kai hannu ta kai baki. Malamin dabbobi ya riga ya gaya mana wannan lokacin ya fi na jego haɗari, don yanzu ita ce za ta je wurin karen, ta ja bindi, ta leƙa kasko. Tun a mota nake tunanin ko an cire ƙyauren, ko an koma gidan jiya, da kuma ko zan iya sake durƙusawa in maimaita maganar. Muna tsayawa na hango Baba ta zaure, ya miƙe daga kan buzunsa, bai ma tsaya amsa sallama ba. Na ji ya ƙwala kira, “Ƙyale-su!” Na ji ƙarar sakata. Sannan ya fito yana karkaɗe hannu, ya ce, “Ina amaryar tawa? A sauke ta, gida lafiya.”